Giyar gwangwani ta sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu: me ya sa aka yi mata koren fenti?

Sagiru_Tarihi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ta tarihi ce da ta sana'ar gwangwani, ba ta halarcin abin ba, wannan kowa ya san hukuncinsa. A hotunan sojojin Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu, musamman waɗanda aka ɗauka a tsibiran tekun Fasifik, ana ganinsu riƙe da gwangwanayen giya masu launin kore mai duhu irin na motocin soja. Alhali kuwa a daidai wannan lokaci an hana sayar wa farar hula giyar gwangwani a cikin Amurka saboda ƙarancin ƙarfe. To in ƙarfe ya yi wuya haka, me ya hana a aika musu da ta kwalba? Koren fentin nan kuma da gaske don ɓuya daga abokan gaba ne, ko dai zance ne kawai? Sannan yaya abin da ke lalacewa da zafi ya yi watanni a cikin jirgin ruwa da sito bai ɓaci ba? Masana a taimaka.

Injiniya_Bala ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam Sagiru. Sai an fara sanin yadda gwangwanin yake kafin a gane sauran.

Giyar gwangwani sabuwar aba ce a lokacin. An fara sayar da ita ne ranar 24 ga Janairu, 1935, a birnin Richmond na jihar Bajiniya, giyar kamfanin Krueger a cikin gwangwanin American Can. Abin da ya hana a yi ta tun kafin nan abu biyu ne. Na farko matsin gas: gwangwanin tumatir ko na madara ba ya ɗaukar matsi mai yawa, amma giya idan aka ɗumama ta don kashe ƙwayoyin da ke cikinta, matsin kan kai laba 80 zuwa 90 a kan kowane murabba'in inci. Gwangwanin abinci zai kumbura ko ya tsage ta wajen ɗinkin. Na biyu, giya ba ta shiri da ƙarfe. Da ta taɓa kuza ko baƙin ƙarfe sai ta yi gurɓi, ɗanɗanonta ya koma na ƙarfe. Kamfanin American Can ya magance wannan da wani siririn rufi na roba da ake fesawa a ciki, wanda suka sa wa suna Keglined. Masu gwangwani mai wuya kamar kwalba, irin na kamfanin Continental, da kaki mai narkewa suka fi yin nasu rufin.

Gwangwanin mai shafaffen kai yanki uku ne: jiki, gindi da murfi. Ana yanka farantin ƙarfe, a naɗe shi, a liƙe gefen da narkakkiyar dalma mai haɗe da kuza. Zafin liƙin yana ƙona rufin da ke wurin, don haka dole a sake fesa rufi na biyu bayan an gama. Sai a naɗe gindi da jiki naɗi biyu, da siririn gam na roba a tsakani. Murfin kuma a kamfanin giya ake naɗe shi bayan an zuba. Faɗinsa inci 2 da 11 bisa 16, tsawonsa inci 4 da 13 bisa 16, yana cin oza 12, wato mililita 355. Babu komai a ciki ma yana kai wajen giram 100, don ƙarfen mai kauri ne. Katan guda 24 ne, nauyinsa wajen kilo 11.

Yanzu ga amsar tambayarka ta farko. Abin da ya fi yin wuya ba ƙarfen ba ne, kuza ce. Malaya (ɓangaren Malesiya ta yau) da tsibiran Indonesiya, waɗanda ke hannun Holan a lokacin, su ke ba da fiye da rabin kuzar duniya, kuma Japan ta ƙwace su a farkon 1942. Sai hukumar da ke raba kayan masana'antu don yaƙi ta fitar da umarnin M-81, aka dakatar da giyar gwangwani ta farar hula a ƙarshen watan Mayu na 1942. Ba ta dawo kasuwa sosai ba sai 1947. A tsakanin nan an aika wa sojoji giyar kwalba mai yawa, irin gajerar kwalbar nan da ba a mayarwa. Amma kwalba tana da aibi uku a jirgin ruwa: nauyi, cin wuri saboda wuyanta da kwalin da ake sa wa tsakaninsu, da kuma fashewa. A tsibiran Fasifik da yawa babu tashar jirgin ruwa ta kirki. Da raga ake sauke kaya daga babban jirgi zuwa ƙarami, a jefa su bakin yashi, a loda a mota. Katan ɗin kwalba da ya bi wannan hanya sau huɗu ko biyar, Allah kaɗai ya san abin da zai rage. Gwangwani kuwa yana loɓawa amma ba ya fashewa, ana jera shi kai da gindi babu gibi, kuma kusan rabin wuri da rabin nauyi yake ci. Da aka sa farashin wuri a cikin jirgi a sikeli ɗaya, ƙarfen a ɗaya sikelin, wurin ya rinjaya. Shi ya sa a 1944 aka ba kamfanonin giya kusan 40 kwangilar cika gwangwani don soja kaɗai.

Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne an koyi tsimin kuza. Da, tsoma farantin ake yi cikin narkakkiyar kuza, yana shan laba ɗaya da rabi a kowane ma'auni na faranti 112. Da aka koma shafa ta da wutar lantarki sai aka sauko zuwa rabin laba. An kuma rage kuzar da ke cikin abin liƙin har ya zama kusan dalma zalla.

Batun fenti kuwa, dalilin da aka fi faɗa shi ne kada gwangwani ya yi ƙyalli jirgin sama ya hango. Gaskiya ne, don tarin gwangwanayen da aka zubar a bayan sansani yana walƙiya daga nesa, kuma ba giya kaɗai ba, har gwangwanin abincin soja an koma yi masa irin wannan fentin. Amma ni a ganina tsatsa ce babban dalili. Farantin da aka rage wa kuza ba ya jure iskar teku mai gishiri, fentin shi ne rigarsa ta waje. Akwai kuma rubutun da ake bugawa a jikinsu cewa an fitar da su ne ba tare da harajin cikin gida ba don kai wa ƙasar waje. Masu tara tsofaffin gwangwanaye da wannan rubutun suke gane na soja.

Malama_Hauwa ta rubuta:

Sannu da ƙoƙari Injiniya. Malam Sagiru, tambayarka ta uku akwai gyara a cikinta: ta ɓaci fa. Abin da aka hana shi ne ruɓewa, amma ba a hana ta tsufa ba, kuma abubuwa ne daban.

Ruɓewa aikin ƙwayoyi ne, ragowar yis da bakteriya masu sa tsami. Maganinsu shi ne bayan an rufe gwangwani a bi da shi ta cikin wani dogon injin da ke fesa ruwa. Ruwan farko mai ɗumi ne don kada zafi ya zo wa gwangwanin farat ɗaya, sai na tsakiya ya kai abin da ke ciki digiri 60, a riƙe shi a nan kamar minti 15 zuwa 20, sannan a sauko da shi a hankali. In an gaza lokacin, ƙwayoyin da suka tsira za su ci ragowar sukari, su ƙara gas, gwangwanin ya kumbura gindi da kai. In an zarce, sai ta yi ɗanɗanon dafaffen abu. A nan gwangwani ya fi kwalba sauƙi, don ƙarfe yana ɗaukar zafi ya sake shi da sauri fiye da gilashi.

Tsufa kuma aikin iskar oksijin ne. Gwangwani mai shafaffen kai bakinsa a buɗe yake gaba ɗaya lokacin zubawa, ba kamar kwalba mai siririn wuya ba, don haka iska ta fi samun hanyar shiga kafin murfi ya sauka. Ana hura gas ƙarƙashin murfin a daidai lokacin rufewa don korar ta, amma injinan wancan zamani suna barin mai yawa in aka kwatanta da na yau. Wannan iskar ce ke aiki a hankali har giya ta riƙa warin jiƙaƙƙen kwali, launinta ya yi duhu, ta yi gurɓi. Zafi ne ke tura aikin. Abin da aka sani a sana'ar shi ne duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin tsufa sau biyu zuwa uku. Ka lissafa da kanka: abin da zai yi wata shida a ɗaki mai digiri 20, a cikin jirgin da ya tsallaka tsakiyar duniya, ko ƙarƙashin tamfol a tsibirin Niyu Gini inda ake kai digiri 40, sati uku zuwa wata ɗaya da rabi ya ishe shi. Kuma tafiyar daga kamfani zuwa hannun soja takan fi haka.

Sai matsalar rufin ciki. Ko loɓawa kaɗan ce a kusa da ɗinkin gefe, tana iya tsaga rufin ta ciki inda ido ba ya gani. Giya tana da ɗan tsami, sai ta fara cin ƙarfen ta wannan tsagar. Ta waje kuma tsatsa tana farawa ne daga bakin naɗin murfi, inda fenti ya goge kuma ruwa ke kwanciya. In suka haɗu sai a sami ɗan huji kamar na allura, gas ya fice, giya ta tsiyaye ta jiƙa kwalin, ta sa maƙwabtansa tsatsa. Gwangwani ɗaya mai yoyo yakan lalata katan guda.

Inda gwangwani ya yi fintinkau shi ne haske. Hasken rana in ya ratsa kwalba yana farfasa sinadarin ɗaci da ake samu daga furen hops, ya haifar da wani wari mai kama da na tunku, cikin ƙanƙanin lokaci. Kwalba mai ruwan ƙasa tana rage shi, ƙarfe kuwa yana tare shi baki ɗaya.

A Turai lokacin hunturu, da tsibiran Alushiya na Alaska, akasin haka aka sha fama da shi. Giya tana daskarewa a wajen digiri 2 ƙasa da sifili, ƙanƙarar ta buɗa, ta tura murfin waje har naɗin ya saki. Ko bai saki ba, in ta narke ba ta komawa garau.

Duk wannan bayanin haka yake a kan lemon sha'ir na gwangwani da ake jibgewa a rana a bakin shaguna, illa dai na yanzu na alminiyam ne.

Kwata_Masta ya rubuta:

Malama ta gama da kimiyya. Ga ɓangaren doka da rabo.

Tun 1901 dokar Amurka ta hana sayar da abin sa maye a barikin soja. Abin da ya buɗe ƙofa shi ne a 1933, ana gab da ɗage dokar hana giya ta ƙasa baki ɗaya, majalisa ta ayyana giya mai ƙarfin kashi 3.2 a matsayin wadda ba ta sa maye. Da wannan hujjar aka shigar da ita kantin soja. A lura, 3.2 ɗin nan da nauyi aka auna. In da yawan ruwa ne, yadda ake rubutawa a jikin kwalba yanzu, sai a ninka da 1.25, ya ba da kashi 4. Mutane da yawa suna kuskure a nan su ɗauka ruwa ce zalla. Ba ta kai ta kasuwa ƙarfi ba, amma tazarar ba ta da yawa. A 1943 gwamnati ta umarci kamfanonin giya su ware kashi 15 cikin ɗari na abin da suke yi don sojoji. A wannan shekarar kuma aka rage musu tsiron sha'ir, sai suka ƙara masara da shinkafa, giyar ta ƙara zama marar kauri.

Galibi saye ake yi a kantin soja, da katin rabo. Rabon kuwa ba shi da tabbas, ya danganta da ko jirgi ya iso. Harsashi, mai, abinci da magani ne a gaba. Giya tana shiga ne in wuri ya rage. Saboda haka na bayan fage, masu aiki a sito da tashar jiragen ruwa, sun fi samu, na bakin daga kuwa sai an janye su hutu. Sata ma ta ci kaso mai yawa a hanya, don katan ɗin giya kuɗi ne a hannu.

Kwalin ma sai da aka sake shi. Kwalin gida yana narkewa da ruwan sama na farko, gwangwanaye su watse a yashi. Tun daga wajen 1942 aka ɓullo da kwali mai jure ruwa da ake kira V, ana ɗaure shi da ɗamarar ƙarfe. Ƙa'idar sito ita ce a ɗora katan a kan katako kada ya taɓa ƙasa, a rufe da tamfol amma a bar tazara tsakaninsa da kayan don iska ta ratsa. In tamfol ya kwanta a kai, raɓa tana taruwa a ƙarƙashi da dare, rana ta dafa su da hantsi. Sannan wanda ya fara shigowa shi zai fara fita. Wannan ta ƙarshen ita aka fi karyawa, domin sabon kaya a gaba ake sauke shi, tsohon ya yi ta zama a baya.

Sojojin ruwa nasu daban ne. Tun 1 ga Yuli, 1914, aka hana shan giya a cikin jiragen yaƙin Amurka bisa umarnin sakataren rundunar, Josephus Daniels. Jirgi yana iya ɗaukar ta a kulle, amma sai an sauka ƙasa za a sha. Shi ya sa a tsibirin Mog Mog da ke Ulithi, a tekun Fasifik, ake sauke dubban sojojin ruwa a rana, a miƙa wa kowa gwangwani biyu ko makamancin haka, da ɗuminsu.

Birtaniya ma ta taɓa abin. Kamfanin Felinfoel na yankin Wales ya fara zuba giya a gwangwani a ƙarshen 1935, kuma ya aika wa sojoji ta hannun kantinsu na NAAFI. Da suka ga tafiyar gabas mai nisa tana kashe giya, sai suka kafa injin yin ta a cikin wani jirgi mai suna Menestheus, da ruwan teku da aka tace. Kafin ya fara aiki a ƙarshen 1945 yaƙin ya ƙare.

Ɗan_Filato ya rubuta:

Injiniya, batun kuzar nan ya taɓa mu kai tsaye. Da Malaya ta faɗi, gwamnatin mulkin mallaka ta juyo kan ma'adinan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 an riƙa ɗibar mutane na tilas daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza, abin da aka riƙa kira ɗiban gwamna. Mutane da dama sun mutu saboda sanyin Filato, ƙarancin abinci da cuta. Kuzar Jos Ingila ake kai ta. Amurka kuwa ta fi dogara da ta Bolibiya, wadda take narkarwa a wata masana'anta da ta gina a jihar Texas. Amma rashin guda ne ya jawo duka biyun.

Sagiru_Tarihi ya rubuta:

Allah ya ƙara ilimi. Saura abu biyu. Tunda babu zoben ja a murfin, da me suke buɗewa? Kuma yaya suke sanyaya ta a inda babu firji?

Injiniya_Bala ya rubuta:

Da wani ɗan ƙarfe mai tsini, tsawonsa kamar inci 5, mai ƙugiya a ƙasa. A maƙala ƙugiyar a bakin naɗin murfi, a ɗaga, tsinin ya huda rami mai kusurwa uku. Huji biyu ake yi, babba na sha da ƙarami a ɗaya gefen don iska ta shiga, in ba haka ba sai ta riƙa fitowa da kwankwaɗa tana kumfa. Gwangwanayen farko har da zanen yadda ake buɗewa a jikinsu. In mabuɗin ya ɓata sai banati ko sukundireba. Hatsarin shi ne gwangwanin da ya kai digiri 35 zuwa 40 matsinsa ya ninka na mai sanyi sau uku zuwa huɗu, in kuma ya sha girgiza a mota, hujin farko kan fesar da kaso mai yawa. Dabarar ita ce a bar shi ya huta, a fara da ƙaramin huji.

Sanyayawa kuwa, hanyar da ta fi yawa ita ce a sa gwangwani cikin jiƙaƙƙiyar safa a rataye inda iska ke kaɗawa, yadda randa ke sanyaya ruwa. Amma tana aiki ne inda iska ta bushe, kamar Arewacin Afirka. A tsibiran Fasifik iskar cike take da laima, ruwan ba ya tashi, sai 'yan digiri kaɗan ake samu. A can sai binnewa a jiƙaƙƙen yashi ko sakawa a rafi. Na sansanin jiragen sama sun fi kowa gata: a sa katan a jirgi, ya hau sama inda sanyi ke ƙasa da sifili, ya sauko. In ya daɗe a can kuma abin da Malama ta faɗa ne zai faru. Wasu kan fesa wa gwangwanaye tukunyar kashe gobara mai gas, abin da ake hukunta mutum a kai, don ranar da wuta ta tashi tukunyar babu komai.

Murfin da ake ja a buɗe sai 1962 ya fara fitowa, a giyar Iron City ta birnin Pittsburgh, ƙirar Ermal Fraze. Duk da haka giya mai yawa da aka kai Biyetnam a gwangwanin ƙarfe ne mai buƙatar mabuɗi, kuma tsatsa da zaman rana a kan katako su ne dai kukan da aka yi ta yi.

Kwata_Masta ya rubuta:

A yaƙin Koriya, cikin Satumbar 1950, rundunar sojan Amurka ta dakatar da gwangwani ɗaya na kyauta da ake ba sojan bakin daga kowace rana, aka yi ta cece-kuce har majalisa, kamfanonin birnin Milwaukee suka ce za su bayar kyauta, ƙungiyoyin yaƙi da shan giya suka ce ba su yarda ba. A 1980 rundunar ruwa ta sassauta dokar 1914 kaɗan: jirgin da ya yi kwana 45 a teku bai tsaya ba, ana iya ba kowa gwangwani biyu sau ɗaya. Da aka kai sojoji Saudiyya a 1990, Janar Norman Schwarzkopf ya fitar da umarni mai lamba 1 wanda ya hana giya baki ɗaya saboda dokar ƙasar, sai marar sa maye aka riƙa aikawa. Irin wannan umarnin ne ya bi sojojin Amurka zuwa Iraƙi da Afganistan, in ban da rangwame jefi-jefi, kamar gwangwani biyu da aka yarje wa na Iraƙi ranar wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka a 2009.